Dariyar da Ta Fi Kuka Ciwo: Fashin Baƙi Kan Labaran Firgici na Cikin Gida

Akwai wani nau'in ƙagaggen labari da ke rikita mai karatu, har ya ajiye littafin yana tambayar kansa ko lafiyarsa ƙalau da ya yi dariya. Labarin ban tsoro ne, amma ba a dokar daji ko maƙabarta yake faruwa ba. A falo ne, a ɗakin kwana, a gaban murhu, tsakanin miji da mata, ko mace da uwar mijinta, ko 'yan'uwa biyu da kowa ya san sirrin kowa. Galibi akwai wani a gidan da hankalinsa ke tangal-tangal, ko damuwa ta kwantar da shi. Duk da haka marubucin sai ya sa ka dariya, irin wadda kana gama ta kunya za ta rufe ka.

Mutane da yawa na ganin wannan rashin tausayi ne. Suna cewa ina raha ina ciwon ƙwaƙwalwa, ina barkwanci ina auren da ke rushewa? Tambayarsu tana kan hanya, kuma akwai littattafai da finafinan da suka cancanci wannan zargi. Amma a ganina, idan aka rubuta irin wannan labari yadda ya kamata, da wuya a sami wanda ya kai shi faɗin gaskiya game da gidan da ciwo ya shiga. Abin dubawa guda ne: wa ake yi wa dariyar?

Tsoro da dariya maƙwabtan juna ne tun asali. Masanin falsafa ɗan Amurka, Noël Carroll, ya rubuta littafi sukutum kan labaran ban tsoro a 1990, sannan a 1999 ya yi nazarin alaƙarsu da barkwanci. Abin da ya lura da shi shi ne tushensu ɗaya: abu ya bayyana inda ba muhallinsa ba, ko ya haɗa siffofi biyu da hankali ya ce ba sa haɗuwa. Gawa ce amma tana tafiya. 'Yar tsana ce amma tana magana. Idan abin zai iya cutar da kai, tsigar jikinka ta tashi. Idan ba zai iya ba, ka ƙyalƙyale da dariya. Tazarar da ke tsakani ba ta kai taku ɗaya ba, shi ya sa fim ɗin tsoron da ba a iya shiryawa ba yake komawa abin dariya ba da son mai shi ba. Marubutan da muke magana a kansu da gangan suke tsayawa a kan wannan iyaka, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can.

Masanin halayyar ɗan Adam, Sigmund Freud, ta wata kusurwa ya kalli abin. A littafinsa na 1905 kan barkwanci ya kawo labarin wani da aka yanke wa hukuncin kisa, aka fito da shi ranar Litinin za a rataye shi, sai ya ce lallai makon nan ya fara da kyau. Mutumin bai jahilci abin da ke jiransa ba. Ya ƙi yarda ne halin da yake ciki ya murƙushe shi gaba ɗaya. Duk wanda ya yi doguwar jinya ya san wannan dariyar, wadda ake yi da tsakar dare bayan hawaye sun ƙare.

Gajeren labarin Roald Dahl na 1953, Lamb to the Slaughter, ya nuna yadda dabarar take aiki a fili. Mary Maloney tana da cikin wata shida, tana zaune tana ɗinki tana jiran mijinta, ɗan sanda mai bincike, ya dawo daga aiki. Komai na ɗakin a shirye yake dominsa. Ya shigo, ya zauna, ya gaya mata wata magana da marubucin bai taɓa sanar da mu ko mece ce ba, amma mun gane rabuwa zai yi da ita. Ba ta yi ihu ba. Cewa ta yi bari ta haɗa abincin dare. Ta ɗauko cinyar rago daskararriya daga firiza, ta zo ta bayansa ta maka masa a ƙeya, ya faɗi matacce. Daga nan ta jefa naman a tanda, ta gyara fuska a gaban madubi tana gwada murmushi da gaisuwa, ta je kanti ta yi sayayya, ta dawo ta kira 'yan sanda. Abokan aikin mijin suka cika gidan suna neman makamin da aka yi kisan da shi. Da dare ya yi nisa ta roƙe su su ci naman kada ya lalace. Suna ci suna cewa tabbas makamin yana nan kusa, ita kuwa tana ɗaya ɗakin tana dariya ƙasa-ƙasa.

A duba inda dariyar mai karatu take fitowa. Kisan kansa babu abin dariya a cikinsa. Abin da ke ba da dariya shi ne yadda Mary ta ci gaba da aikin matar kirki daki-daki, girki, cefane, karɓar baƙi, kuma wannan aikin ne ya rufa mata asiri. Mazan nan ba za su iya kallon mace mai ciki da ke ba su abinci su ga mai kisa ba. Su ake yi wa dariya, da hoton da suka ajiye a ransu na yadda gida yake. Nan ne ginshiƙin irin wannan adabi baki ɗaya: gidan da ke cin wuta, mutanen ciki kuma sun dage sai an ce lafiya lau.

Me ya sa aure, me ya sa iyali? Saboda a labarin tsoro na yau da kullum, gida shi ne mafaka. Ka gudu daga dodo, ka shige ɗaki, ka danna sakata. To idan da kai da abin tsoron aka kulle fa? Aure ya tara duk abin da marubuci ke nema. Mutum biyu sun san raunin juna ciki da bai. Suna kwana wuri ɗaya, ɗaya yana barci ɗaya ido biyu. Fita ba ta da sauƙi, saboda 'ya'ya, saboda kuɗi, saboda abin da mutane za su ce, saboda ƙaunar da ba ta mutu ba. Kuma babu shaida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, na waje rufin kawai yake gani. Tsohuwar tatsuniyar Bluebeard, wadda Charles Perrault ya wallafa a Faransa a 1697, a kan wannan ta ginu: amarya da makullan gidan mijinta, da ɗaki guda da aka hana ta buɗewa. Wasan kwaikwayon Patrick Hamilton na 1938, Gas Light, ya ƙara matsawa ciki: miji yana ɓoye kaya yana cewa matarsa ce ta ɓatar, hasken fitilun gidan yana raguwa ita kaɗai take gani, har ta fara yarda cewa hankalinta ne ke gushewa.

Likitanci ma ya san wannan fargaba. A 1923 likitan ƙwaƙwalwa Joseph Capgras da abokin aikinsa a Faransa suka bayyana halin wata mata da ta haƙiƙance an sauya mijinta da wasu na kusa da ita da masu kama da su. Larura ce ta gaske, ba ta da yawa, kuma har yau sunansa take amsawa. Amma ɗan guntun wannan jin, babu ma'auracin da bai san shi ba: ka kalli wanda kuka shekara goma tare ka ji kamar ba ka taɓa saninsa ba. Ciwon damuwa mai tsanani yana jawo wannan a zahiri. Mutum yana nan da jikinsa da muryarsa, amma wanda ka aura kamar ya yi tafiya. Marubuci bai buƙatar ƙirƙiro fatalwa daga nesa, sai dai ya ba wannan jin jiki da ƙafafu.

Idan ana neman labari ɗaya da ya kafa wannan turba, The Yellow Wallpaper ne, na Charlotte Perkins Gilman, wanda ya fito a wata mujallar Amurka a Janairun 1892. Ya cancanci a tsaya a kansa, domin daga jikin marubuciyar ya fito. Bayan ta haifi 'yarta a 1885, Gilman ta faɗa matsananciyar damuwa. A 1887 ta je wurin Silas Weir Mitchell a Philadelphia, likitan da ya yi suna wajen yi wa mata magani da hutun dole. Ya sallame ta da umarnin ta zauna a gida iya iyawarta, kada ta wuce awa biyu a rana tana aikin tunani, kada ta sake taɓa alƙalami ko burushin zane muddin ranta. Ta bi umarnin na wajen wata uku, kuma da kanta ta rubuta a 1913 cewa saura ƙiris hankalinta ya gushe ɗungurungum.

A labarin, wata mai jego ce take rubutu a ɓoye. Mijinta John likita ne, ɗan'uwanta ma likita ne, kuma dukkansu sun ce babu abin da ke damunta sai ɗan raunin jijiya. John ya kama hayar wani tsohon gida na wata uku, ya ajiye ta a ɗakin sama mai tagogi da sandunan ƙarfe da gadon da aka kafe a ƙasa. Ya hana ta rubutu, ya hana ta ziyara. Abin lura, John ba azzalumi ba ne irin na tatsuniya. Yana sonta. Yana kiranta da sunayen shagwaɓa kamar ƙaramar yarinya, yana ɗaukarta a hannu ya kai ta gado, yana yi mata dariya idan ta ce ɗakin bai kwanta mata ba. Duk lokacin da ta ce jikinta na ƙara lalacewa sai ya ce ai ga shi tana ƙiba, ta yarda da shi tunda shi likita ne. Da aka raba ta da komai, sai ta zuba wa takardar adon bangon ido, mai launin rawaya, har ta fara ganin wata mace a bayan zanen tana girgiza shi tana neman fita. A ranar ƙarshe ta kulle ƙofa, ta jefar da makullin ta taga, ta yayyage takardar, ta kama rarrafe tana zagaye ɗakin. John ya samu ya shigo, ya gan ta, ya faɗi sumamme. Ita kuwa abin da ya dame ta shi ne ya faɗi a kan hanyarta, dole duk zagaye sai ta haura ta kansa.

Wannan ƙarshe yana tayar da tsigar jiki, kuma yana da ban dariya ƙwarai. Mutumin da ya shafe wata uku yana gaya mata cewa ita ce mai raunin zuciya, shi ne ya sume. Mai karatu bai yi wa matar dariya ba ko sau ɗaya. A cikin kanta yake zaune tun shafin farko, yana jin yadda bangon ke matsowa. Tabbacin John ne ya zama abin dariya, tabbacin mai ilimin da bai taɓa tambayar mara lafiyarsa me take ji ba balle ya saurari amsa. Abin da ya sami matar kuma ba ƙage ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da kashi 10 cikin 100 na mata masu ciki da waɗanda suka haihu suna fama da ciwon damuwa, sannan akwai nau'i mafi tsanani, gushewar hankali bayan haihuwa, da ke samun mace 1 zuwa 2 a cikin haihuwa 1,000, wanda yake buƙatar a garzaya asibiti nan take.

Daga miji da mata sai dangi. A nan akwai wani bincike da ya dace da abin da marubuta suka daɗe suna hasashe. Tun ƙarshen shekarun 1950 George Brown da abokan aikinsa a Landan suka lura cewa wasu masu taɓin hankali da aka sallama daga asibiti suka koma wurin iyaye ko abokan aurensu sun fi saurin komawa asibiti a kan waɗanda suka zauna a gidan haya. Binciken da suka wallafa a 1972 ya nuna abubuwa uku da ke da hannu: yawan suka, nuna ƙiyayya, da kulawar da ta wuce kima har ta shaƙe mutum. Na ukun nan shi ne abin mamaki. Ƙauna ce ta gaske, amma irin wadda ba ta barin mutum ya numfasa. A kula, binciken bai ce iyali ne ke haddasa ciwon ba. Magana yake yi a kan abin da ke sa ya dawo. Kuma amfaninsa shi ne an gano cewa idan aka wayar wa iyali kai aka tallafa musu, dawowar ciwon tana raguwa.

Marubuciya 'yar Amurka, Shirley Jackson, ta fi kowa iya rubuta wannan shaƙaƙƙiyar ƙauna. Ita ce ta rubuta littattafan raha kan rainon 'ya'yanta huɗu, ita ce kuma ta rubuta labaran da suka hana mutane barci, kuma duk wanda ya karanta biyun zai ga ido ɗaya ne yake kallon gida ɗaya. A littafinta na 1962, We Have Always Lived in the Castle, wata budurwa 'yar shekara 18, Merricat, ita ke ba da labari cikin fara'a da natsuwa. Shekara shida kafin nan an zuba guba a sukari, yawancin iyalin suka mutu a teburin cin abinci. Saura ita da yayarta Constance, wadda kotu ta wanke amma ba ta iya wuce lambun gidan, da kawunsu da gubar ta nakasa, wanda ba shi da aiki sai rubuta abin da ya faru a ranar. Su ukun suna zaune cikin ladabi, ana shan shayi a kan lokaci, ana goge ɗakunan mamatan, kuma ba a taɓa faɗin abin da 'yan matan biyu suka sani ba. Rahar littafin daga wannan ladabin take fitowa, firgicinsa ma haka. Bayan ta gama shi, Jackson kanta ta yi fama da tsoron fita waje har ta shafe watanni a cikin gida. Ta rasu a 1965 tana da shekara 48.

Uwar miji kuwa ta zama ruwan dare a irin waɗannan labarai, kuma dalilin a fili yake: mata biyu suna son mutum ɗaya, kowace tana ganin ita ta fi sanin abin da zai amfane shi, kuma ladabi ya hana su faɗa wa juna gaskiya. Littafin Ainslie Hogarth ta ƙasar Kanada, Motherthing, na 2022, ya kai wannan maƙura. Surukar ta kashe kanta, ɗanta ya faɗa ciwon damuwa, matarsa kuma ta tarar mutuwa ba ta raba ta da surukar ba, domin fatalwarta ta ci gaba da zama a gidan. Ita matar ma uwa take nema ido rufe, don tata ba ta riƙe ta da kyau ba. Ko babu fatalwa, maganar gaskiya ce: muryar uwar da ta saba kushe ɗanta ba ta shiga kabari tare da ita, tana nan tana magana a kansa.

Yanzu sai inda abin yake lalacewa, kuma yana lalacewa sosai. Hanya mafi sauƙi ga malalacin marubuci ita ce ya mai da mara lafiyar ya zama shi ne dodon. A ɓoye dalilin kashe-kashe har shafin ƙarshe, sannan a fito da sunan wata cuta a ce ga amsa. Fim ɗin Psycho na Alfred Hitchcock, na 1960, gwaninta ce ta shirya fim, amma ya bar gado mai nauyi: a ƙarshensa likita ya tsaya yana bayanin cewa mai kisan mahaukaci ne kuma uwarsa ce sila. Wannan tunani yana da tarihi. A 1948 likita Frieda Fromm-Reichmann ta yaɗa ra'ayin cewa wata irin uwa, mai sanyin zuciya da son juya ɗa, ita ke jefa shi cikin taɓin hankali. Daga baya bincike ya yi watsi da ra'ayin, amma bayan iyaye mata masu ɗimbin yawa sun sha zargi a kan ciwon da ba su jawo ba. Har yau labarai na jan wannan gawa.

Gaskiyar da aka tabbatar ita ce mafi yawan masu larurar ƙwaƙwalwa ba sa cutar da kowa, kuma masu tsananin ciwon sun fi zama waɗanda ake cutarwa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce mutum 1 cikin 8 a duniya, kimanin miliyan 970, yana rayuwa da wata larurar ƙwaƙwalwa, miliyan 280 daga ciki ciwon damuwa ne. Ke nan duk littafin da aka buga, cikin masu karanta shi akwai masu ciwon da kansu, da matansu, da mazansu, da 'ya'yansu. Wanda ya ga an zana irinsa a matsayin abin gudu, gobe zai ƙara ɓoye halin da yake ciki, ya ƙi zuwa wurin likita. Wannan ya sa nake ganin tambayar wa ake yi wa dariya ta wuce maganar salo, ta shafi lafiyar mutane.

Akwai wata dabara da ƙwararru ke amfani da ita don kauce wa wannan rami, wato barin mai karatu cikin kokwanto. Fatalwar nan da gaske take, ko ciwo ne ke nuna ta? Marubucin kirki ba ya yanke hukunci. Idan ya ce fatalwa ce tsantsa, ciwon ya zama ado kawai. Idan ya ce ciwo ne tsantsa, ya koma layin John, yana gaya wa mai ba da labari cewa abin da take gani babu shi. Barin ƙofar a buɗe yana tilasta mana zama inda mara lafiyar yake zaune, inda abin da kake ji gaskiya ne a jikinka ko da kowa ya ce babu. Raha kuma tana taimakawa a nan ta wata hanya da ba a cika lura ba: mai ba da labarin da ke iya ba ka dariya yana da basira, yana da ido, mutum ne cikakke. Da wuya ka yi dariya tare da mutum sannan ka rage shi ya koma sunan cuta.

Ɓangaren da na fi ganin wannan adabi ya yi wa mutane aiki shi ne na mai jinya. Matar da mijinta ya kwanta da damuwa wata da watanni, ko mijin da matarsa ta daina magana, yana ɗauke da abubuwan da ba ya iya gaya wa kowa. Yana gajiya. Yana jin haushin wanda yake so, sannan ya ji haushin kansa don ya ji haushi. Wani lokaci tunanin guduwa yana zo masa, ko wanda ya fi wannan muni, sai ya yi sauri ya kore shi. Zuciyarsa kamar tukunyar da ke tafasa an danne murfinta, duk mai tambaya kuma amsa ɗaya yake samu: da sauƙi. Labarin soyayya zai nuna shi waliyyin haƙuri, labarin tausayi zai sa a yi masa kuka, dukkansu kuma sun tsallake wannan haushin. Labarin firgici mai raha shi ne yake barin mai jinya ya faɗi mummunan tunanin da bakinsa, ya bi shi har inda babu mai hankalin da zai kai, mai karatu kuma yana biye da shi yana dariya yana tsorata. Yawancin littattafan da suka yi fice a wannan fage ta bakin mace aka ba da su, tana jinya ko ana jinyarta. Muryar namijin da ke kula da matar da ciwo ya kama, ko wanda shi ne ke kwance yana jin matarsa da mahaifiyarsa suna gardama a kansa a bayan ƙofa, har yanzu ba a rubuta ta yadda ya kamata ba.